Shin "ugly" daidai take da "mummuna"?

Tambaya: Malam, na karanta a jarida an kira wata hatsaniya da aka yi a kasuwa "ugly incident". Mu kuwa a makaranta an ce mana ugly munin fuska ne. Ina fuska a rigima? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: 'Yata, malaminku bai yi kuskure ba, rabin zancen ya ba ku. Kalmar ba 'yar asalin Ingila ba ce. Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, wajen Nowe da Danmak, inda ake cewa uggligr, wato abin tsoro. Ta fara bayyana a rubutun Ingilishi a ƙarni na 13, kuma a lokacin abin da ke sa gaba ta faɗi ake nufi da ita. Daga baya ne ta sauko kan kamannin mutum. To ɗan jaridar nan tsohuwar ma'anar ya taɓo: lamarin da ya ƙazanta har mutane suka firgita.

Mu ma haka muke yi da tamu. Muna cewa mummunan hatsari, mummunan zato, mummunar ɗabi'a, babu fuska ko ɗaya a ciki. Sai dai kada ki ɗauka duk inda muka sa "mummuna" Bature zai sa ugly. Mummunan labari a wurinsa bad news ne.

Inda na fi damuwa shi ne yadda yaranmu ke jifan juna da ugly kamar ba komai. Kwanan baya a cikin keke daga Kawo, wata yarinya ta leƙa wayar ƙawarta ta ce, "Kai, kin yi ugly a nan." Ƙawar ta yi ɗan murmushi, ta kashe wayar ta tura a jaka, har muka sauka ba ta ƙara magana ba. Da Hausa ce, da ƙyar bakin yarinyar zai iya furta "ke mummuna ce". Cewa za ta yi hoton bai fito ba, laifin ya koma kan hoto. Turancin ne ya ɓoye mata nauyin abin da ta faɗa.

Turawan ma suna kaffa-kaffa da ita. Idan suna son sassautawa sai su ce plain, wato wanda ba shi da wani kyau na a zo a gani, ba yabo ba fallasa. Ki kuma yi hattara da homely: a Amurka marar kyau ake nufi, a Ingila kuwa yawanci yabo ne ga gida mai daɗin zama.