Yaya ake gane fursuna ya saba da zaman gidan yari?

Tambaya: Malam, ina karatun halayyar ɗan Adam. Da me ake auna yadda maza ke sabawa da zaman kurkuku? — Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, ana fara duba takardun gidan: sau nawa aka rubuta fursuna da faɗa ko karya doka, sau nawa ya je asibitin gidan. Amma wannan kaɗai bai isa ba. Wanda ke kwana bai runtsa ba, ya daina cin abinci, ya takure a lungu, sunansa ba ya shiga littafin laifi, alhali shi ya fi shan wuya.

Shi ya sa Kevin Wright, wani mai bincike kan gidajen yari a Amurka, ya tsara takardar tambayoyi a shekarun 1980, mai auna abu uku: rikici da mutane, damuwar zuci kamar fushi da rashin barci, sai lafiyar jiki da tsoron cutarwa. Fursuna yana kwatanta halinsa na yanzu da na lokacin da yake waje.

Kada a yi tambayar a gaban ganduroba, don tsoro zai sa ya ce lafiya lau. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa. A maimaita bayan wasu watanni, saboda makonnin farko sun fi tsanani. A ware masu jiran shari'a, don rashin sanin ranar fita damuwa ce daban.