Dole ne sai na gano hikimar jarrabawar da ta same ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Maiduguri. Ambaliyar watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta cinye shagona da kekunan ɗinki uku da yadikan mutane da ke hannuna. Duk wanda ya zo mini jaje sai ya ce akwai alheri a ciki, wata rana zan gane. Har yau ban ga alherin ba, kuma da zarar hadari ya haɗu sai gabana ya riƙa faɗuwa. Ko imanina ne ya raunana?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa. Masu jajen nan da kyakkyawar niyya suke magana, amma sun ɗora maka nauyin da addini bai ɗora maka ba. Yarda da cewa Allah ba Ya hukunta komai sai da hikima daban, sanin wace hikima ce kuma daban, kuma na farkon kaɗai aka wajabta maka. Dubi Suratul Kahfi: Annabi Musa, duk da darajarsa, ya ga an huda jirgin talakawa bai fahimci dalili ba har sai da aka bayyana masa, kai kuwa babu wanda zai zaunar da kai ya fassara maka ambaliya.

Baƙin ciki ma ba ya warware haƙuri. Annabi Yakubu ya yi jimamin Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. A ganina, mun saba gaggauta ce wa mutum ya yi haƙuri domin mu huta da jin kukansa.

Faɗuwar gaban da kake yi idan hadari ya taso ita ta fi damuna. Idan tana hana ka barci, ko kana yawan mafarkin ruwa, ko abinci ya fita ranka, ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke nan Maiduguri, domin firgici bayan bala'i ciwo ne da ake magancewa, kuma zuwa can ba ya nufin taɓin hankali.

Batun yadikan mutane kuwa, ka zauna da masu su ɗaya bayan ɗaya, ka kuma nemi fatawar malamin unguwarku, domin amanar da ta salwanta ba tare da sakaci ba tana da nata hukuncin. Idan wani abokin sana'a zai ara maka keke ko da da yamma ne, ka karɓa ka fara da gyaran kaya.