Amsa ga mai neman ƙaramar mota mai sauƙin kuɗi a Kano

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce kana zaune a Rijiyar Zaki, wurin aikinka yana Bompai, ka gaji da kuɗin adaidaita sahu, kana neman ƙaramar mota wadda ba ta shan mai, kuma kana tambaya ko sabuwa za ka saya ko ta hannu, sannan wace iri. Allah ya sa albarka a abin da ka tara.

Maganar sabuwa gajeriya ce. Akwai su dal a leda, irin su Suzuki S-Presso da Kia Picanto da Hyundai Grand i10, da garanti da komai, amma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya fi ƙarfin mai albashi, sai fa in wurin aikinka ne zai tsaya maka a riƙa cira a hankali. Saboda haka zaɓinka biyu ne: wadda aka shigo da ita daga waje ba a taɓa yi mata lamba a nan ba, wato Beljiyam ko 'yar Kwatano, ko kuma wadda wani ya hau a gida. Beljiyam ta fi tsada, amma yawanci bakanikenmu bai taɓa ta ba. Ta gida ta fi sauƙi, kuma in ka samu wadda mutum ɗaya ya riƙe, ka san shi, ka san garejin da yake kai ta, tana iya fin Beljiyam ɗin da ta sha haɗari aka gyara ta a hanya. Ba zan faɗi farashi ba domin yana bin dala ne. Ka zagaya wuraren dillalai uku ko huɗu a titin Zariya da titin Maiduguri a mako guda, za ka ji inda kasuwa take.

Kafin ka ƙyalla ido a kan kowace mota, ka ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗinka ka ajiye gefe. Wannan na taya ne da batir da sabis na farko da takardu. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a sayen mota, a ƙofar gida take kwana.

A ƙananan motoci, Toyota Yaris ta 2006 zuwa 2011 ita zan sa a gaba. Wadda ta fito daga Amurka injinta 1.5 ne, ana kiransa 1NZ, sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsa ba bel ba, kuma giyarta otomatik mai hawa huɗu ce irin ta da, wadda ba ta da rigima. Tankinta lita 42 ne. Amma ka kula da wadda ta fito daga Turai mai giyar da ake kira MMT. Za ka ga ba ta da fedar kuloci, ka ɗauka otomatik ce, alhali manuwal ce da wata na'ura ke taka mata kuloci. Ranar da na'urar nan ta rikice, masu iya saita ta kaɗan ne. Ka duba jikin sandar giya: in ka ga E da M, babu P, to ita ce, ka wuce. Manuwal ɗin Yaris kuwa ba ta da laifi ko kaɗan.

Honda Jazz tana da fili a ciki fiye da yadda ake zato, kujerun baya suna naɗewa har ka ɗauki buhunan shinkafa. Ta farkon, ta 2002 zuwa 2008, injinta mai silinda huɗu fulogi takwas yake ɗauka, huɗu a gaba huɗu a baya. Bakanike da yawa na gaban kawai suke canjawa, sai mota ta riƙa shiƙa tana shan mai, ana ta neman laifin a wani wuri. Otomatik ɗinta CVT ce, wato giyar da ba ta da hawa-hawa, tana da nata man giya daban, in aka zuba mata jan man giya na gama-gari sai ta fara karkarwa a tashi. 'Yar'uwarta Honda Fit ta Amurka, ta 2007 zuwa 2013, giyarta otomatik ce ta gargajiya mai hawa biyar, ta fi kwanciyar hankali.

Peugeot 206 ita ce ta talaka, kuma babu unguwar da za ka rasa mai gyaranta. Ka sayi manuwal mai inji 1.4. Otomatik ɗinta, AL4, zafi yana wahalar da ita, ga Kano a watan Afrilu. Ka tsaya bayanta daga nesa ka kalli tayoyin baya: in samansu ya karkata ciki, ƙasansu ya buɗe, to boris ɗin aksil ɗin baya ya ci, kuma gyaransa sai an sauke aksil ɗin gaba ɗaya. Ita bel ke juya tayimin ɗinta, in ya tsinke kana tafiya sai bawul su lanƙwashe. Picanto ta farko da i10 mai inji 1.1 su ma bel ne. Suna da tsimin mai sosai, sai dai jikinsu ba nauyi, kuma in ka cika su da mutum biyar ka kunna AC za ka ji suna nishi a kan gadar sama.

Wani zai ce ka ƙara kuɗi ka sayi Corolla ko Vibe. Gaskiya ne sun fi saurin sayuwa in ka tashi rabuwa da su, amma yawanci injinsu 1.8 ne, kuma ba su ne ka tambaya ba.

Duk wadda ka zaɓa, kafin ka biya ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin abu biyar nata: fitilar gaba, madubin gefe, lagireto, shakazoba na gaba da kwamfuresan AC. In an yi ta tura ka daga wannan rumfa zuwa waccan, ko aka ce sai an aiko daga Legas, ka san abin da ke jiranka.

Yanzu duba motar kanta, wanda shi ne ainihin aikin. Ka je da safe, ka gaya wa dillali tun jiya kada a tayar da ita. Ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ƙarar sarƙa da hayaƙin farko. Ka je da naka bakaniken, wanda kai za ka biya, ba wanda ke zaune a bakin wurin ba. Kada ka duba mota da yamma ko jiƙe da ruwan wanki, nan ne kyan ɗan maciji yake.

Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun dashbod su kama duka: ta inji, ta baƙin mai, ta batir, ta ABS, ta jakar iska. In ta inji ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi. In kuma duk suka mutu a daƙiƙa ɗaya bayan ka tayar, ka yi shakka, domin akwai masu haɗa wayar fitilar jakar iska da ta baƙin mai don su mutu tare. Da injin na sanyi, ka buɗe murfin lagireto, a tayar, ka zuba ido a ruwan. Kumfa mai tasowa ba tsayawa alama ce gasket ɗin kan inji ya ƙone. Ka juya murfin baƙin mai: in ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa yana haɗuwa da mai. In kuma baƙin dasƙararren abu ne kamar kwalta, mai ita ba ya sabis a kan lokaci. Hayaƙi shuɗi daga salansa yana nufin injin yana cin baƙin mai, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, daga nozul ko na'urar auna iska.

Abu guda da ake yi wa kusan duk motar gida: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada ta yi zafi. In ka murɗa makulli fanka ta tashi nan take inji na sanyi, an yi mata. Illarsa injin ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Tsimin man da ka sayi ƙaramar mota dominsa ya tafi ke nan. Sau da yawa kuma an yi haka ne don a rufe wata matsala, lagireto da ya toshe da ruwan rijiya ko famfon ruwa da ya gaji. Haka ma katalis, wanda 'yan gareji ke kira indomi: ana fasa tukunyarsa a kwashe na ciki a sayar. Ka sa a leƙa ƙasa a nemi sabon walda a jikin tukunyar.

A sa mata kwamfutar gwaji. Kada ka tsaya a "babu kod". Ka ce mai gwajin ya duba ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala, in mafi yawansu ba su kammala ba, to jiya-jiya aka goge laifukan ko aka cire batir. Batir mai lafiya yana nuna wajen 12.5 a kashe, in an tayar kuma ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka, altaneta ce.

A jiki, fenti ba shi ne abin tsoro ba, ƙashin motar ne. Ka buɗe bonet ka kalli ƙarafunan nan biyu da suka miƙo gaba suna riƙe da inji, ka nemi lanƙwasa ko walda. Ka ɗaga kafet ɗin but ka cire safaya ka ga ko ramin ya yamutse. Ka kalli kan notocin da suka riƙe ƙofofi da bonet, in fentinsu ya goge an taɓa kwance su. Ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle ba ya kama inda fanel bita ya cika da fila mai kauri. Ga motar Amurka, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka leƙa ƙarƙashin kujeru: tabon laka ko tsatsa a kan dogon kujera alamar ambaliya ce, kuma motar da ta sha ruwa wayarin ɗinta ba ya ƙarewa da gyara. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ko kyauta-kyauta aka karyar maka, bar ta.

Lambar chasis harafi da lamba 17 ce. Ta jikin gilas, ta jikin ƙofa da ta takarda su zama ɗaya. A motar Amurka, na goma shi ne shekara: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011. Da wannan za ka kama wanda ya canja fitilu da bamba ya ƙara wa mota shekaru. Mita kuwa ana juya ta, don haka ka gwada abin da ta nuna da yadda robar feda da fatar sitiyari suka cinye. In mil take ƙirgawa, ka ninka da 1.6 ka samu kilomita. Taya ma tana da ranar haihuwa, lamba huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Beljiyam da yawa da tsofaffin tayoyin ƙasar sanyi suke zuwa, zanensu da kyau amma kwaltar hanyar Wudil da tsakar rana tana fasa su.

Gwajin tuƙi kada ya gaza minti 30, da AC a kunne. Ka shiga cunkoso, irin na Kabuga ko Kurna, ka ga ko allurar zafi za ta wuce tsakiya, ko AC zai daina sanyi in an tsaya. Sannan ka fita inda za ka kai 100, ka ji ko sitiyari na rawa, ka taka birki ka ga ko tana ja gefe. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, ƙas-ƙas-ƙas daga gaba shaf ne. A manuwal, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali ka take totur: in ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. A otomatik, daga P zuwa D ko R bai kamata ta yi jinkiri ko ta buga ba.

Takardu su ne inda ake asarar mota sukutum. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka ta Kwatano ce, takardar kwastan ɗinta ita ce abin fara dubawa. Ka karɓi kwafin SGD, wato takardar bayyana kaya ga kwastan, da shaidar biyan kuɗin fito, ka je ofishin kwastan da ke Bompai, kusa da wurin aikinka ma, a tabbatar lambar ta wannan motar ce, kuma shekarar da aka rubuta ita ce ta gaskiya. Ana biyan fito a kan ƙaramar shekara, sai ranar da ka kama hanyar Kaduna a tsayar da kai a ce ka cika. Ga motar gida, sunan da ke kan shaidar mallaka shi ne zai sa hannu a yarjejeniya, da katin shaidarsa da shaidu biyu, kuma asusun mai wannan sunan za ka tura wa kuɗi, ba na yaron dillali ba. A yanke la'ada tun kafin ciniki, a san wanda zai biya. Ka yi canjin mallaka nan da nan, ka sabunta lasin. Inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun Janairun 2023, wanda ya ce zai yi maka a dubu uku takarda kawai zai buga maka.

Ranar da ta shigo hannunka, kafin zagayen nuna wa 'yan'uwa, gareji za ta fara zuwa. A juye baƙin mai da filta, Yaris mai 1NZ lita 3.7 take ci, kuma 5W-30 aka rubuta mata, ba mai kaurin nan 20W-50 da ake zuba wa kowace mota ba. A canja filtar iska, in hunturu ya shigo kuma a riƙa duba ta duk wata saboda ƙura. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan na'urarta. In mai bel ce, a canja bel ɗin tare da tenshona da famfon ruwa a zama ɗaya, ko da mai ita ya rantse sabo ne. Daga nan ka cika tanki, ka mayar da ƙaramar mita sifiri, ka yi zirga-zirgarka ta mako guda, ka koma famfon da ka sha ka sake cikawa, ka raba kilomita da litar da ta shiga. In ƙaramar mota ta ba ka ƙasa da kilomita 10 a lita, a fara da duba fulogi da nozul da iskar taya.