Amsa ga mai tambaya kan buɗe ƙofar injin CNC ana tsakiyar aiki

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce zaren ƙarfe yana nannaɗe wuƙa idan kana gurza bakin ƙarfe mara tsatsa a injin CNC mai juya ƙarfe (injin da kwamfuta ke sarrafawa), kana tambaya ko za ka danna Feed Hold, ka buɗe ƙofa ka janye shi da ƙugiya, tunda an riga an cire makullin tsaron ƙofar. Don Allah kada ka yi, kuma a mayar da makullin nan yau.

Feed Hold tafiyar wuƙa kawai yake tsayarwa. Ƙarfen da ke cikin cok, wato maƙalin da ke riƙe ƙarfen yana juya shi, yana nan yana juyawa. A juyi 1,000 a minti, kusan juyi 17 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kafin hannunka ya ji an fisge shi ƙarfen ya zagaya sau huɗu. Zaren ya kama ƙugiya, ƙugiya ta ja hannu. Mai sanye da safar hannu ya fi kowa shiga haɗari, domin safar ba ta yagewa, tafiya take da yatsu. Sannan idan ana yanka zaren kusa, wato tsagin da ke zagaye jikin kusa mai murɗawa, da umarnin G76 ko G84, yawancin injina ba sa amsa Feed Hold sai sun gama zagayen, ka ɗauka ya tsaya alhali bai tsaya ba.

Idan dole sai ka sa hannu, sa tsayuwar cikin furogiram. Bayan yankan farko ka rubuta layin da zai janye wuƙa nesa, sai M05 ya tsayar da juyi, M09 ya kashe ruwan sanyaya, sai M00 ya tsayar da furogiram. Ka ga cok ya tsaya cak da idonka kafin ka buɗe. Bayan M00 kada ka manta ka sake rubuta S (gudun juyi) da M03 (tayar da juyi) da M08 (kunna ruwa), don wasu injinan ba sa tayar da su da kansu, wuƙa sai ta dira kan ƙarfen da ba ya juyi ta karye.

Inda ake yawan fasa injin shi ne wajen komawa aiki bayan tsayuwa. A injin mai kwamfutar kamfanin Fanuc, in ka matsar da wuƙa da hannu alhali Manual Absolute, saitin da ke sa injin ya lissafa matsin hannu, a kashe yake, injin bai lissafa matsin ba, sauran aikin duka zai goce da daidai wannan tazarar. A injin kamfanin Haas kuwa, idan ka janye ka ce ya koma, ba hanyar da ka bi zai biyo ba, duk abin da ke tsakani zai doka. Danna Reset, wanda ke katse furogiram, ya fi su sharri: ka tashi daga tsakiyar furogiram, injin bai karanta lambar wuƙa da G54 (wurin da yake fara auna aikin) ba, ko ya tsallake G50 da ke ƙayyade juyi, G96, mai daidaita gudun juyi da faɗin ƙarfe, ya yi ta ƙara gudu yayin da wuƙa ke kusantar tsakiya har muƙamuƙin cok ya sassauta riƙo. Koma layin da aka kira wuƙar, kunna Single Block don injin ya riƙa karanta layi ɗaya ya tsaya, rage gudun tsalle (tafiyar wuƙa da sauri idan ba ta yanka) zuwa kashi 25 ko ƙasa, idonka kan tazarar da ta rage a allo, yatsanka kan Feed Hold. Injin da ke tsalle mita 30 a minti yana cin rabin mita a daƙiƙa.

Amma asalin ciwon shi ne zaren da ba ya karyewa, kuma galibi ƙarancin ci, wato tazarar da wuƙa ke matsawa a kowane juyi, ne ke jawo shi. In kana kan milimita 0.1 a kowane juyi, gwada 0.2 zuwa 0.25. Zurfin yanka kada ya gaza zagayen bakin haƙorin wuƙa, wato ɗan guntun da ke yankan: mai milimita 0.8 ba ya son yankan 0.3, sai dai ka sauya zuwa mai 0.4. Duba ko haƙorin na wannan ƙarfen ne, ka kuma saita bututun ruwa ya riƙa dukan bakin wuƙa sosai.