Ku Tambayi Anti: An auna Hajiya ba'a ga komai ba, amma kullum jikinta ciwo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Ni anan Makka aka haifeni, muna zaune a Hindawiyya. Maganar Hajiyarmu ce tasa na rubuto, shekarunta 68, tunda Abbanmu ya rasu shekara biyu kenan bata koma daidai ba. Kullum tsakiyar kanta zafi, tana jin abu na mata yawo a jiki, gabanta na faɗuwa, ƙarfe biyun dare zaki ganta zaune. Munje mustashfa, wato asibiti, an ɗauki jini anyi hoton kai an duba zuciya, in banda sugan da dama take dashi ba'a ga komai ba. Daktan ƙarshe yace mu kaita iyada nafsiyya, wato ɓangaren likitan ƙwaƙwalwa, wallahi ranar kwana tayi bata kulamu ba wai mun maida ita mahaukaciya. Yayanmu yace jinnu ne ko kambun baka, a cigaba da ruƙiyya kawai. Ni kuma na sauke tambayoyin gwajin ciwon damuwa a waya nace Hajiya kina jin baƙin ciki? tace Alhamdulillahi, wanda ke ganin Ka'aba wane baƙin ciki zai yi. Matar da ada ita ke tuƙa wa alhazai tuwo lokacin mausim na aikin Hajji yanzu ko labulen ɗakinta bata ɗagawa. Dan Allah me ke damunta?
Daga wata 'yar'uwa, Makka.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Abba yasa Aljanna ce makoma, ya ba Hajiya lafiya. Likitan da zai zauna da ita shine zai yanke magana, amma abinda kika zayyano ɗin nan sananne ne sosai, kuma daktan da yace iyada nafsiyya ba zaginta yayi ba, ni a ganina shine ma ya saurareta da kyau.

Abu na farko da nakeso ki faɗa wa 'yan gidanku, ciwon da Hajiya take ji na gaske ne, dan nasan ba'a rasa wanda ya fara cewa raki ne ko tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin wani babban bincike a cibiyoyi 15 cikin ƙasashe 14, harda Ibadan a ciki, wani ɓangaren sakamakon ya fito a 1999. Cikin mutum 1,146 da aka tabbatar suna da ciwon damuwa, kashi 69 cikin ɗari ba abinda suka kawo wa likita sai ƙorafin jiki, ciwon kai, ciwon baya, kasala, rashin barci. Kuma ba mu kaɗai bane, ko a cibiyar da abin yafi ƙaranci kashi 45 ne. Wani likita ɗan Amurka Arthur Kleinman yaje lardin Hunan na ƙasar Sin a 1980 ya zauna da mutum 100 da akace musu raunin jijiya ke damunsu, da ya bi su ɗaya bayan ɗaya sai ya tarar 87 ciwon damuwa ne sosai. Shi kuwa zafin tsakiyar kai da jin abu na yawo a jiki, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe da saninsa, har wani masani a Enugu, Peter Ebigbo, ya haɗa ma'auni na musamman saboda ma'aunan Turawa basa tambayar irin waɗannan alamomin kwata-kwata.

Kuma in kika duba gidajenmu zaki gane dalili. Kace kaina na ciwo, a kawo maka magani a zauna kusa dakai ana sannu. Kace raina ba daɗi, a ce ka yi istigfari wasu ma ko abinci basu da shi. Toh mace da tayi sama da shekara 40 tana haɗiye komai da sunan haƙuri, ta rabu da danginta, ta reni yara a ƙasar mutane, ranar da abokin zamanta ya tafi ta wace ƙofa kike so abin ya fito? Ta jiki zai fito, ita ce ƙofar da aka bar mata a buɗe.

Tambayoyin wayar nan kuma yawancinsu da Ingilishi aka fara rubutasu dan mutanen da suka saba faɗin abinda ke ransu kai tsaye. Ke kuma 'yarta ce, kin tsaya a kanta da waya a hannu kina tambayarta baƙin ciki, ai ko ni ce Alhamdulillahi zan ce, dan a wajenta amsa eh tamkar butulce wa Allah ne. Ki ajiye wayar. Ki zauna gefen katifarta kina matsa mata ƙafa bayan Isha, ki tambayeta Hajiya tunani yana miki yawa ne? in kin farka da dare me ke zuwa miki? abinci yana miki ɗanɗano? Ki yi shiru ki jira, koda hawaye ne ya fara zuwa karki yi saurin cewa ki yi haƙuri. A wancan binciken da na ambata, da aka zauna aka tambayi mutanen a tsanake kashi 11 ne kawai suka musa cewa akwai damuwa a ransu. Wani abin kuma da aka gano wanda ya shafeku kai tsaye, inda mara lafiya bashi da tsayayyen likita da ya saba dashi, anan akafi tsayawa kan ƙorafin jiki. Wato yawon nan daga wannan mustashfa zuwa wancan, kowane dakta ya ganta minti biyar ya tura ta hoto, shi kansa yana hana a kai ga asalin abin. Ku zaɓi likita ɗaya, in da hali mace mai ɗan shekaru, ku riƙe ta.

Yanzu maganar Yaya. Dan Allah karki yi faɗa dashi, shima neman lafiyar uwarsa yake. Ba wanda yace a bar ruƙiyya ta shari'a, a karanta mata Alƙur'ani safe da yamma, ita kanta zata samu natsuwa. Abinda ban yarda dashi ba shine kalmar "kawai" ɗin nan, da kuma duk wani mai duka ko shaƙe mara lafiya ko cewa a zubar da maganin asibiti, wannan ko kusa karku bari. Ki tuna masa Annabi Yaƙub alaihis salam, Suratu Yusuf aya ta 84, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, Annabi ne fa, wa zai ce imaninsa ne yayi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 miladiyya ya riga ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa irin na rashi, da wanda ke danne mutum ba wani dalili a fili, yace na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. A Sudan kuwa Dakta Tijjani Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar wanda ya rasu a 1970, bai ɗauki shehunan da mutane ke kai musu marasa lafiya a matsayin abokan gaba ba, tare yayi aiki dasu, har yau akwai asibiti da sunansa a Umdurman. Kinga haɗa biyun ba sabon abu bane.

Ita kuma Hajiya karku yaudareta ku ce zaku wani waje sai ta ga kanta a nafsiyya, in ta gane shikenan kun rasa yardarta. Ku faɗa mata gaskiya, likitan barci da yawan tunani ne, kuma ba ita kaɗai bace, babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da akayi anan Saudiyya ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ya taɓa fama da wata irin wannan larura a rayuwarsa. Ku roƙi a duba mata maƙoƙo da ƙarancin jini da bitamin B12, dan suna kwaikwayon ciwon damuwa a wajen tsofaffi, kuma suga da damuwa dama suna ƙara wa juna ƙarfi. In an bata magani ku sani sai yayi sati biyu zuwa huɗu wani lokaci ma fiye kafin a fara ganin canji, kuma ba'a yanke shi rana ɗaya. In kuna da ta'amin, wato inshorar lafiya, ku tambaya ko ya haɗa da wannan ɓangaren, layin 937 na ma'aikatar lafiya ma ana samun shawarar likita.

Sannan ina ƙawayenta? Wannan ba ƙaramin abu bane. A Harare ta Zimbabuwe wani likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, zama shida kacal, da aka auna a binciken da ya fito 2016 bayan wata shida kashi 14 ne kawai ke da sauran alamun ciwon cikin waɗanda suka zauna dasu, waɗanda basu zauna dasu ba kuwa kashi 50. Ki nemo matan da suke tuƙa tuwon mausim tare, su riƙa zuwa ko sau ɗaya a sati, ki ce mata miyar kuka ta gagareki ta zo ta nuna miki, a kaita Harami ko a keke ne lokacin da ba cunkoso. Amma in kika ji ta fara cewa gara ta bi Abba, ko ta daina ci da sha, ko ta fara rikicewa, wannan ba na jira bane, sashen gaggawa a ranar.

TAMBAYA: Salam Anti. Direba ne ni a Jidda, shekarata 46. Tunda aka sa wa baƙi kuɗin zaman iyali na maida matata da yara Kano. Kwanakin nan komai ya fita a raina, sai naga a Facebook wai bincike ya nuna shekara 47 ce mutum yafi shiga ƙunci. Gaskiya ne? in haka ne sai in jira ya wuce.
Daga wani ɗan'uwa, Jidda.

AMSA: Wa'alaikas salam Malam. Binciken akwai shi, wani masanin tattalin arziki David Blanchflower ne ya duba ƙasashe sama da 130 a 2020 yace jin daɗin rayuwa na sauka har wajen shekara 47 zuwa 48 sannan ya fara hawa. Amma ba kowa ya yarda abin haka yake ko'ina ba. A 2015 Angus Deaton da abokan aikinsa biyu sun duba amsoshin mutane daga sassan duniya, inda ake cewa ka ba rayuwarka maki daga 0 zuwa 10, suka ga wannan sauka da hawan ya fito fili ne a ƙasashe masu arziki masu magana da Ingilishi, a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Latin Amurka sauka yake tayi har tsufa, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan ba wani canji da shekaru. Wanda ke jiran fansho da gidan kansa a Ingila ba lissafinsa ɗaya da mai tunanin sabunta igama ba.

Ni dai Malam ba shekaru nake zargi ba. Kuɗin nan da aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 kan kowane mutum duk wata har ya kai 400 a 2020 ya raba gidaje da yawa, kai kaɗai a ɗaki, ka wuni a sitiyari, yaranka na girma ta bidiyo kol, duk wanda ya kira daga gida kuma buƙata ce. Wannan ya isa ya sa komai ya fita a ran mutum. Karka jira. In abin ya haura sati biyu yana taɓa barcinka da cin abincinka kaga likita, balle kai da ran mutane ke hannunka a titi. Ka samu mutum ɗaya cikin 'yan'uwa da zaka faɗa wa gaskiya, ka daina cin abincin dare kai kaɗai, kuma ka riƙa kiran uwargida wani lokaci ba dan maganar kuɗi ba.

TAMBAYA: Anti ni ɗaliba ce a Madina shekarata 19, nayi gwajin hali a intanet yace ni mai gudun mutane ce mara yarda da kai, abin ya tsaya min a rai. Gaskiya a gaban Baba da yayyena bana magana, amma cikin ƙawayena ni ce mai surutu.
Daga 'yarki, Madina.

AMSA: 'Yata, ke da kanki kin ba kanki amsa, wacce ke cika ɗaki da surutu cikin ƙawaye ba mai gudun mutane bace, shirun gaban Baba tarbiyya ce gwajin ne bai san da ita ba. Wani nazari na 2008 ya nuna kashi 96 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam daga ƙasashen Yamma suke, alhali su kashi 12 ne na mutanen duniya. Ko ma'aunin da masana sukafi yarda dashi, mai raba hali gida biyar, da aka kaishi wajen mutanen Tsimane a dajin Bolibiya a binciken 2013 bai fito daidai ba, abu biyu ne suka fi fitowa, kyautata wa mutane da himmar aiki. Balle na waya, wanda da yawa in kika maimaita bayan 'yan makonni wani rukunin zai saka ki. Kuma a 19 hali bai gama zama ba, bincike ya nuna mutane na ƙara natsuwa da riƙon amana yayin da suke girma.

Abu ɗaya zan so ki duba. In malama tayi bayani baki gane ba, kina iya ɗaga hannu ki tambaya, ko zuciyarki ce ke bugawa tafin hannunki ya jiƙe har ki fasa? In na biyun ne kuma yana hanaki karatu, ki sake rubuto min mu yi maganarsa daban.