Me Ya Sa Muke Cewa “Ya Fi Shi Tsawo”?

Wani malamin Turanci a wata sakandare a Gusau ya rubuto yana kuka da ɗalibansa. Ya ce kullum sai ya ci karo da “the water has hot” da “he is tall more than me” a littattafansu, ya gyara da jan biro har ya gaji. Tambayarsa: “Shin Hausa ba ta da sifa ne, Malam?”

Allah ya ba ka haƙuri, Malam, amma yaran nan ba da ka suke yi ba. Nahawun Hausa ne ke aiki a kansu yayin da hannunsu ke rubuta Turanci. Hausa tana da sifa, sai dai na asali ba su taka kara sun karya ba: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja, mugu, ɗanye da wasu kaɗan. Masanin harsuna R. M. W. Dixon, a wata maƙala tasa ta 1977, ya sa Hausa cikin harsunan da sifofinsu na asali ba su wuce goma sha wani abu ba, ya kuma kawo Ibo da guda 8 kacal. Turanci kuwa ɗaruruwa gare shi, kuma hanyarsa ɗaya ce: ya ɗauko aikatau “be”, ya jingina masa sifa, magana ta ƙare.

Mu kuwa aikin da Bature ya ɗora wa sifa, suna muka ba wa. Zafi suna ne. Shaida ita ce ana mallakarsa, a ce zafin rana ko zafinsa, kuma yana iya zama mai aiki a jimla: zafi ya hana mu barci. To tunda abu ne, sai mu ce ruwan yana da zafi, ko ruwa mai zafi, ko ruwan ya yi zafi. Yaron da ya rubuta “has hot” ya fassara “yana da” daidai, kuskurensa ɗaya shi ne ya ɗauka “hot” suna ne kamar zafi, alhali sunan shi ne “heat”. Haka yunwa: Bature ya ce shi “hungry” ne, Bahaushe ya ce yunwa yake ji, ko ma yunwa ta kama shi, kamar wata mai hannu.

Maganar fifiko ta fi wannan daɗi. Turanci yana liƙa wa sifa “-er” a wutsiya, ko ya sa mata “more” a gaba. Hausa ba ta taɓa kalmar ba, aikatau take kira, wato fi. Audu ya fi Musa tsawo. In ana son ƙololuwa, ya fi kowa tsawo. In kunnen doki ne, ya kai shi tsawo, in ya gaza, bai kai shi ba. Karin maganarmu cike take da wannan ginin: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, rigakafi ya fi magani, jiki ya fi kunne ji. Turancin Buroka ma wannan hanyar ya bi, shi ya sa za ka ji ɗan kasuwa a Sabon Gari yana cewa “e tall pass me”. Shawarata, ka rubuta jimlar Hausa a allo, ka ja layi daga fi zuwa “-er”, ka gaya musu aikin kalmar nan tamu wannan ɗan guntun ya riga ya yi shi, don haka ƙara “more” maimaici ne.

Kafin in bar nan, cutar tana bi ta ɗaya ɓangaren ma. Ana jin masu fassara labarai suna cewa “ginin ya kasance mai tsawo fiye da wancan”. Wannan Turanci ne aka sa wa babbar riga. Ginin ya fi wancan tsawo, shi ke nan.

Wata ɗaliba daga Zariya ta ce an yi mata dariya a aji don ta ce “I am boring”, tana nufin darasin ya gundure ta. Tana son ta san bambancin.

’Yata, abin da kika faɗa shi ne ke ce mai gundurar mutane. Turanci yana ciro sifa iri biyu daga aikatau ɗaya: mai “-ing” ta wanda ya jawo abin ce, mai “-ed” ta wanda abin ya faɗa wa. Ta biyun muna da takwararta, irin su dafaffe, soyayye, gasasshe, rubutacce, wankakke. Dafaffen ƙwai shi aka dafa, ba shi ya dafa kowa ba. Ta farkon kuwa da “mai” muke yin ta. Ki riƙe wannan misalin: kura mai ban tsoro ce, akuya kuma a tsorace take. Kura ce “frightening”, akuya “frightened”. Duk lokacin da kika rikice, ki tambayi kanki ko ke ce kurar.

Tambaya ta uku daga wani mai sauraron rediyo take a Maraɗi. Ya ji an ce “rikicin ya zafafa”, ya kuma ji an ce “zafafan labarai”, yana so ya san ko kalma ɗaya ce.

A rubuce ɗaya suke, a baki ba ɗaya ba ne, domin karin sautinsu ya bambanta. Ta farko aikatau ce, ta biyu jam’in sifa ce, tilonta zazzafa. Dukkansu ’ya’yan zafi ne. Akwai wani dangi na sunaye a Hausa da masanin Hausa F. W. Parsons ya yi nazarinsu a 1955, sunayen abin da jiki ke ji ko ido ke aunawa: zafi, sanyi, faɗi, zurfi, kaifi, ƙarfi, kauri, sauƙi. Duk gaɓa biyu ne, duk sun ƙare da wasalin i, kuma kusan kowanne yana haifar sifa da aikatau a kan tsari ɗaya. Faɗi ya ba da faffaɗa da faɗaɗa. Zurfi ya ba da zuzzurfa da zurfafa. Kaifi, kakkaifa da kaifafa. Ƙarfi, ƙaƙƙarfa da ƙarfafa. A gaba ake ninka kalma in tilon sifa ake so, a baya ake maimaita baƙi in aikatau ake so.

Turanci yana da wani abu kusa da haka, amma daga sifa yake tasowa: “wide” ya zama “widen”, “deep” ya zama “deepen”, “sharp” ya zama “sharpen”. Sai dai hanyar tasu ba ta ɓullewa ko’ina. Akwai “blacken” da “redden”, amma kore da shuɗi ba su samu ba, kuma “hot” da “cold” ma haka, alhali mu muna da zafafa da sanyaya. Inda suka yi irin tamu sak shi ne “strengthen”, wadda aka gina a kan suna, kamar yadda muka gina ƙarfafa a kan ƙarfi.

Ta ƙarshe, wani dattijo daga Kumasi ya aiko da karin magana biyu a fassara masa: “baƙin jinin muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi” da “sabo turken wawa”.

Baba, ta farkon ana yin ta ne ga wanda kowa ya tsana, da wanda ya yi wa ɓarna da wanda bai taɓa yi wa komai ba. Mai kaza yana da dalili, tunda muzuru yana cin kaji, marar kaza kuwa ara ya yi ya yafa. Ga mai nazari, jimlar ta tara hanyoyi uku na sifantawa: sifa ta asali da mahaɗinta a baƙin jini, sai mai, sai kishiyarta marar. Mahaɗin nan yana bin jinsi da adadi, abin da sifar Turanci ba ta sani ba: baƙin doki, baƙar riga, baƙaƙen riguna. Shi ya sa muke cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Sabon da ke cikin ta biyun kuwa ba kishiyar tsoho ba ne, ba kuma saɓo ba ne mai ɓ, wanda ake yi wa Ubangiji. Suna ne daga aikatau saba, kamar a ce na saba da shi, kuma muryar tana farawa ne daga ƙasa, saɓanin sabo na sabon kaya da ke tafiya a sama. Turke shi ne guntun iccen da ake kafawa a ɗaure dabba. Ma’anar ita ce wawa ba ya bukatar igiya: abin da ya saba da shi ya isa ya riƙe shi wuri ɗaya, ko da wurin yana cutar da shi, ko da ga wani mafi alheri a gabansa.