Filin Tambayoyinku: Inhela tana zama jaraba ga mai asma?

Tambaya: Salam Likita, dan Allah a taimaka min. Yarona shekararsa 7, duk hunturu da hazo ya sauko sai tari ya hana shi barci, ƙirjinsa na ƙara kamar usur. An ce asma ce an ba mu inhela amma surukata ta ce kar in sake in fara mishi, wai in ya saba shikenan ba zai iya rayuwa ba sai da ita. Gaskiya ne? Maman Abba, Tudun Wada Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. Wallahi wannan magana ta Hajiya ina yawan jinta kuma tana damuna, don yara da yawa suna shan wuya a kanta. Inhela, wato maganin nan da ake shaƙa ta baki, ba ta zama jaraba.

Kinga iskar da muke shaƙa ta ƙananan bututu take bi ta shiga huhu, sun rarrabu kamar rassan bishiya. To mai asma cikin bututun nan a kumbure yake, kuma ga saurin fushi, ƙura kaɗan ko sanyin asuba ko hayaƙi na taɓa su sai naman da ya zagaye su ya tsuke, majina mai kauri ta taru, hanya ta ragu, iska na son fita tana matsewa, wannan usur ɗin da kike ji kenan. Abin da mutane ba su gane ba shi ne kumburin nan yana nan ko ranar da Abba ke ƙwallo a layi lafiya lau. Shi ya sa inhela iri biyu ce. Akwai mai buɗe hanya nan take, salbutamol, yawanci shuɗiya, ta lokacin da abin ya tashi. Akwai kuma mai kwantar da kumburin a hankali wadda ake shaƙa kullum in likita ya rubuta, ita ce mutane ke ajiyewa da sun ga sauƙi, sai ciwon ya dawo a ce inhela ce ta kama yaro. In ya shaƙi ta kullum ɗin ya kurkure baki.

A gida kuma sai kin yi haƙuri da turaren wuta a ɗakin da yake kwana, na san da wuya, haka igiyar leko, ki koma gidan sauro. Hayaƙin itace da na janareta a nesanta shi, a yayyafa ruwa kafin shara, in za shi makaranta da safe cikin hazo a rufe mishi hanci.

Ki faɗa wa Hajiya asma daban tarin tibi daban, asma ba a ɗauka, ya ci abinci da 'yan uwansa kwano ɗaya.

Amma in kika ga ya kasa haɗa magana saboda haki, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza kala, ko kin ba shi shuɗiyar ba sauƙi, kar ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti mafi kusa ko asibitin koyarwa na Shika. In da hali ranar ganin likita ku tafi tare da Hajiya ta ji da kunnenta.